Motar da Yaya Ta Zaɓa

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba yayata ta ce za ta sayi mota. A lokacin muna zaune a Hausari, cikin Yerwa, babban birnin Borno, a gidan da mahaifinmu ya bari. Shi da Inna daga Kano suka taso tun suna da ƙuruciya, suka yada zango a Borno, zangon ya zama zama. A nan aka haife mu. Waɗanda ke tsakanina da Yaya ba su rayu ba, don haka ta girme ni da nisa. Ita ta goye ni, kuma har na yi aure na haihu ba ta daina kirana Auta ba.

Mijin Yaya Babarbare ne, mai cinikin shanu. Da ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta, ta kama sana'ar shinkafa. Takan je wajen manoman fadamar Jere, can gefen Khaddamari, ta sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, mata su turara su cashe, ta kai Kasuwar Litinin. Idan bandar kifi ta zo daga bakin tafki da araha, ita ma takan taɓa. Cinikin yana tafiya, abin da ke ba ta wahala shi ne ɗauko kayan. Jakuna ba sa sauri, manyan motoci kuwa sai sun gama loda kayan manyan 'yan kasuwa kafin su waiwayi mace mai buhu goma. Sau da yawa buhunanta kan kwana a gindin itace suna jiran motar da ba ta zo ba, ranar kasuwa ta wuce.

Ni tela ne, ina da keken ɗinki da 'yar rumfa a bakin hanya. Amma na iya tuƙi, don na taɓa yi wa wani kamfanin sayen gyaɗa aiki a kaka kafin in zauna a kan ɗinki, kuma ina da lasin. Shi ya sa wata rana da la'asar, muna zaune a tsakar gida Inna tana kaɗi, Yaya ta ce ta sayar da shanun da suka zo mata a gado, mota take so, kuma ni zan taya ta dubawa.

Da jin haka abin da ya zo mini a rai salun ce, ƙaramar motar nan mai ƙofa huɗu da kujeru masu laushi. Shekarun nan Turawa suna ta komawa gida suna sayar da nasu, sababbin ma'aikatanmu suna saye. Ni nake ɗinka wa wasunsu riguna, ina ganin yadda suke fitowa daga mota babbar riga ba ta ko yamutse ba. Ban ɓoye wa Yaya ba. Ta ce to, za a duba, amma mu fara zuwa wajen Baban Tagwaye.

Baban Tagwaye bakanike ne, Ibo, garejinsa yana ƙarƙashin dalbejiya kusa da tashar motocin Jos. Ya daɗe a garin har Hausarsa ta ɗauki karin Barebari, idan ya gaishe ka da wushe ba ka cewa baƙo ne. Matarsa wajen Yaya take sayen shinkafa, ta nan suka saba. Mama yake kiran Yaya, ko da yake ba ta girme shi da wani abin kirki ba.

Ya shimfiɗa mana tabarma, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce kalmar mota ɗaya ce amma abin da ke ƙarƙashinta iri-iri ne. Akwai salun, wadda aka yi don mutane da kwalta. Akwai mai dogon baya, wadda salun ce aka ja mata rufi har ƙarshe don a sami wurin kaya. Akwai jif ta shiga daji, akwai a-kori-kura mai kujerar gaba da buɗaɗɗen baya, sai kuma babbar mota. Ya tambayi Yaya abin da za ta riƙa ɗauka, da inda za ta riƙa zuwa, da wanda zai tuƙa. Ta amsa biyun farko, na ukun sai ta dube ni.

Babbar mota a wurin aka ajiye maganarta. Tana bukatar direba na kullum da yaran mota, ba ta tashi sai ta cika, kuma hanyoyin da ke shiga gonakin Jere sun yi mata ƙunci. Sauran kuwa Yaya ta ce bayani bai ishe ta ba. Ita ko shinkafa ba ta saye sai ta tauna ƙwaya, saboda haka duk motar da za a nuna mata sai ta shiga an yi tafiya da ita. Baban Tagwaye ya ce wannan mai sauƙi ne, yawancin motocin da ake son sayarwa a garin ta hannunsa suke bi.

Salun muka fara gwadawa. Ta wani Bature ce, ma'aikacin gona da ke shirin tafiya, ruwan madara ce, kujerunta na fata. Baban Tagwaye ne ke kula masa da ita, don haka ya yarda a fita da ita rabin yini. Na karɓi sitiyari muka ɗauki hanyar filin jirgi, muka wuce Bulumkutu, wanda a lokacin 'yan gidaje ne a tsakiyar gonaki. Ban taɓa tuƙa abu mai laushi irin wannan ba. Injin ba ya ko tari, inuwar dalbejiya tana wucewa ta kan gilashi, iska tana shigowa ta taga. Na leƙa madubi na ga Yaya a kujerar baya ta jingina, ta lumshe ido, hannunta yana shafa fatar kujera. Na ce a raina magana ta ƙare.

Da muka tsaya ta ce a buɗe mata wurin kaya na baya. Ta leƙa, ta auna da hannu, ta ce buhu biyu, na uku sai an bar murfin a buɗe. Daga nan ta ce mu juya mu nufi Khaddamari.

Kwalta ba ta yi nisa ba ta ƙare. Hanyar rairayi ce, manyan motoci sun yi mata kwari biyu da tayoyinsu, tsakiya ta yi tudu. Ba mu yi wata tafiya ba muka ji cikin motar yana gogar ƙasa. Baban Tagwaye ya ce in tsaya, ba zai ci gaba da motar mutane a haka ba. Ya sa muka durƙusa muka leƙa ƙarƙashi, har da Yaya, ta tattare zaninta ta durƙusa. Tsakanin cikin motar da ƙasa da ƙyar hannu yake wucewa. Ya nuna mana tukunyar man inji da bututun hayaƙi, ya ce su ne za su fara tafiya, kuma wannan ma babu buhu ko ɗaya a ciki.

A hanyar komowa ban haƙura ba. Na ce ai salun za ta iya haya a cikin gari, ta kai mutane asibiti da tasha, abin da aka samu a biya masu jakuna. Yaya ba ta watsar da maganar ba. Ta ce motar ta shiga ranta ita ma, tunda take ba ta taɓa zama wuri mai daɗi haka ba. Ta yi kwanaki tana juya abin, har ta tambayi wani maƙwabcinmu da ke harkar haya. A ƙarshe ta ce wannan wata sana'a ce daban wadda ba ta sani ba, ita kuwa shinkafa ta sani.

Mai dogon baya ba ta ɗauke mu lokaci ba. Ta wani Kwara ce, Balarabe mai kanti, ko fita da ita ba mu yi ba. Wurin kayanta ya fi na salun, amma ƙasa-ƙasa take kamar 'yar'uwarta, kuma mutum da kaya ɗaki ɗaya suke. Yaya ta ce ranar da aka sa kwandon banda a ciki, daga ranar duk wanda ya shiga zai fita yana warin kifi har gida.

Jif ɗin da aka kawo mana tsohuwar motar ma'aikatan dabbobi ce da wani ya saya a gwanjo. Tsayi gare ta, rufin tamfol, babu wani ado. Kusa da giya akwai wani ɗan ƙarfe, idan ka tura shi tayoyi huɗu duk su kama aiki. Muka bi hanyar da salun ta kasa kamar ba komai. Baban Tagwaye ya ce in sauka cikin kogin Ngadda, lokacin rani ne babu ruwa sai yashi. Na sauka da ita, ta ratsa ta haye gaɓar can. A wurin na manta da salun. Na ga mota ce da ba a ce mata nan ba hanya.

Da muka dawo gida Inna ta ce ita ma sai ta gani. Ta fito ƙofar gida da sandarta, ta zagaya motar, ta ɗaga ƙafa za ta hau gwiwa ta hana. Ta ja da baya ta ce wannan ai raƙumi ne, shi ma raƙumi yana durƙusawa a hau shi. Yaya kuwa da ta sauka sai da ta dafa ƙugu, ta ce hanjinta duk ya koma wuri ɗaya. Ba wannan ya dame ta ba, ta ce jijjiga ta saba da ita a bayan manyan motoci. Abin da ta duba bayan motar ne, gajere ne, kujeru biyu na ƙarfe sun cinye rabinsa. Baban Tagwaye ya ƙara mata da cewa jif tana shan mai fiye da sauran, kuma idan wani abu ya karye a ƙarƙashinta, sau da yawa sai an aika Jos ko Kano an jira.

A-kori-kurar da ta rage ba ta da kyan gani. Ta wani Bashuwa ce mai fataucin man shanu, yana son ya koma babbar mota. Fenti ya koɗe, ƙofar hagu sai an ɗaga ta take rufuwa, bodin katako ne da ƙarafan ɗaura tamfol. Gaba mutum uku take ɗauka idan an matsu. Da na tuƙa ta babu kaya, bayanta sai tsalle yake yi a kan kowane rami. Na ce wannan ta fi jif jijjiga. Baban Tagwaye ya nuna mini ƙarafan da aka jera a kan tayoyin baya, masu kauri, ya ce don nauyi aka yi su, ba a gane halin irin wannan mota sai an loda ta.

Yaya ta ce ai kuwa tana da shinkafa tana jira a Khaddamari. Washegari da safe muka tafi mu uku. Manoman suka taru suna kallo, suna yi mata ba'a da Barbarci, wai ta zama mai mota ba ta gaya musu ba, tana mayar musu. Aka loda duk abin da ta saya, har da buhunan wata ƙawarta da suka kwana biyu a wurin. Da muka taso sai na ji motar ta zauna, tsallen ya tafi, tana tafiya a natse. Cikinta bai taɓa tudun tsakiya ba. Wuri ɗaya ta kafe, inda rairayi ya yi zurfi, don tayoyin baya kaɗai ke ja. Muka rage iskar taya, muka aro zana daga wata gona muka shimfiɗa, Baban Tagwaye da wasu masu wucewa suka tura, ta fita. Kafin azahar kayan suna gida. Mata masu turara suka ce ba su taɓa karɓar shanshera da wuri haka ba.

Da yamma na sami Yaya a ƙofar ɗakinta tana tsince tsakuwa a faranti. Na ce mata ni dai jif na fi so. A-kori-kura ta kafe a rani, ina ga damina? Jif kuwa shekara za ta yi tana aiki.

Ta ce, "Auta, idan ruwa ya yi ƙarfi me nake ɗaukowa daga Jere?"

Na ce ba komai, lokacin shinkafa tana gona.

Ta ce, "To ka gani. Watannin da hanya ke lalacewa, abin da na ajiye nake sayarwa. Idan na sayi jif saboda su, sauran shekara zan riƙa sawu biyu a kan kayan sawu ɗaya. Na fi son wadda za ta yi mini aikin kullum, ranar da ta kasa in haƙura."

Ta ci gaba da tsintarta, can ta ce akwai maganar da ta fi wannan, wato wanda zai tuƙa. Ba ta son ta raba ni da ɗinki, sana'ata ce, kuma da ita nake riƙe iyalina. Amma ba ta son ta miƙa dukiyar marayu ga wanda ba ta sani ba. Ta ce in yi shawara da matata, kada in amsa don kunya.

Matata ta ce ita ba ta ƙi ba, muddin ba za a rufe rumfa ba. Haka muka daidaita. Zan tuƙa ranakun ɗauko kaya da ranar kasuwa, sauran in zauna a kan keke. Idan salla ta matso ɗinki ya yi yawa, Baban Tagwaye zai samo wanda ya yarda da shi ya riƙe motar. Aka yi ciniki da Bashuwan a garejin, gaban shaidu. Baban Tagwaye ya riƙe ta kwanaki, ya canja burki, ya gyara ƙofar, ya wanke bodin da ruwan zafi, amma ƙanshin man shanu bai bar katakon ba sai da damina ta doke shi.

Ranar da aka kawo ta gida Inna ta sa aka yi waina aka raba sadaka, limamin unguwa ya zo ya yi addu'a. Wannan karon Inna ta iya hawa, da ɗan turmi da aka kife mata ta taka. Na kai ta har bakin kasuwa muka dawo. Da za ta sauka ta ce in riƙa tafiya a hankali, mutanen da ke ƙasa su ma 'ya'yan wasu ne.

Daga nan aiki ya kankama. Yaya ba ta cika zama a gaba ba. Baya take hawa, kan buhuna, tare da matan da ke sana'a irin tata, waɗanda a da su ma suke kwana suna jiran manyan motoci. Ta tsakiyar ƙarar inji nakan jiyo hirarsu, rabi Hausa rabi Barbarci. Kujerar gaba takan bar wa tsoho ko mai jego da muka tarar a hanya. Ni ma a hankali na san motar, na san inda zan saki giya kafin rairayi, na san yawan buhun da idan aka wuce shi take nishi a hawan gaɓa.

A ƙarshen daminar farko aka aiko wa Yaya cewa wani manomi a gaba da Khaddamari yana da tsohuwar shinkafa da yake son fitarwa kafin sabuwa ta shigo. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, muka ga kamar hanya ta bushe, muka tafi. Can wajen ƙasar firgi ce, baƙar laka wadda idan rani ya yi take tsagewa, idan ta sha ruwa kuwa ta riƙe abu kamar danƙo. Samanta ya bushe, ƙarƙashi da saura. Muna cikin tafiya bayan motar ya nutse har gindin bodi. Zana ba ta yi amfani ba, turi ma haka.

Mutanen da ke dashen masakwa, dawar rani, a kusa suka bar aikinsu suka zo. Suka gwada, suka ce sai dai a jira rana ta ƙara busar da wurin, ko a aika wa bulama, mai garin, ya ba da shanu. Aka aika. Muka koma gindin wata ƙaya muka zauna, wata mata ta kawo mana nono a ƙwarya. Yaya ba ta nuna damuwa ba, ta shiga tambayarsu yadda dashen bana yake da wanda ke da ragowar hatsi.

Shanun ba su iso ba sai ga jif ta masu allurar rigakafi ta fito daga wani ƙauye, tana ratsa lakar tana watsi da ita gefe da gefe. Direban ya tsaya, muka gaisa, ya fito da igiya mai kauri ya ɗaura mana. Ya tura ɗan ƙarfen nan nasa, ya ja, motarmu ta fito da wata ƙara kamar an cire ƙafa daga taɓo. Muka yi masa godiya, Yaya ta ba shi goro, ya wuce.

Na dubi Yaya. Ta gane kallon. Ta yi dariya ta ce, "Allah ya ƙara wa masu jif yawa, Auta. Ka ga ai sun yi mana amfani."

Ba mu ƙarasa wajen manomin ba ranar. Muka aika masa ya jira mako mai zuwa, muka juyo ba kaya. Da muka iso Ngadda, lokacin ruwa ya kawo, na tsaya a gaɓa inda masu wanki suke. Laka ta toshe ko'ina, har cikin ƙarafan taya. Na naɗe wando na shiga ɗebo ruwa da garwa, Yaya ta samo kara tana ƙwaƙule abin da ya maƙale a ƙarƙashin bodi. Muna nan har aka kira la'asar. Muka yi alwala a bakin ruwan, muka yi salla a kan tamfol, sannan muka shiga gari motar tana ɗigar ruwa.